Daga Maƙerar Gaya Zuwa Dutsen Dala: Waiwaye a Kan Tarihin Ƙasarmu



Dalilin wannan rubutu wata kunya ce da na taɓa sha. Sa'ad da nake aikin bautar ƙasa a wata jiha ta kudu, na zauna da wani malamin tarihi ɗan can. Da ya ji daga Gaya na fito, sai ya miƙo mini hannu ya ce, ashe yau yana tare da jikan maƙeran da suka kafa Kano. Na yi murmushi, kaina ya ɗan kumbura. Sai ya jero mini tambayoyi uku: yaushe ne abin ya faru, wane ne Sarkin Gaya na farko da aka rubuta sunansa, kuma me ya sa garin da ya girmi Kano ya koma ƙarƙashinta? Jama'a, na yi tsuru-tsuru. A lokacin kuwa da zai tambaye ni shekarar da Mansa Musa ya tafi Makka, da sai in ce masa 1324 ba tare da na numfasa ba, haka nan taron Balin na 1884. Na san gidan kowa, ban san namu ba.

Tun daga ran nan na shiga bin littattafai da zama wurin dattawa. Ni ba masanin tarihi ba ne, ma'aikacin gwamnati ne, amma ɗan abin da na tsinta shi ne zan baje a nan, domin wanda ya fi ni sani ya gyara, wanda bai sani ba ya ƙaru.

Shimfiɗar Ƙasa

Gaya tana gabas da birnin Kano, tafiyar da ba ta kai kilomita 70 ba. In ka fito daga birni ka haye gadar Wudil, ka ɗauki hanyar Dutse, ba da jimawa ba za ka iso. Ajingi kuwa tana arewa da Gaya, wajen Ringim. Faɗin ƙasar ƙaramar hukumar Gaya ya haura murabba'in kilomita 600, na Ajingi ya haura 700. A ƙidayar 2006 an sami mutum sama da 200,000 a Gaya, sama da 170,000 a Ajingi. Kowace tana da mazaɓu goma. A Gaya akwai irin su Kademi da Gamarya da Gamoji da Shagogo da Balan da Maimakawa, a Ajingi kuwa akwai Toranke da Balare da Gafasa da Gurduba da Chula da Dundun da Kunkurawa.

Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da manyan duwatsu irin na Rano ko Dutse. Masana ilmin ƙasa suna cewa a wannan nahiya ta gabashin Kano ne ƙasa mai dutse a ƙarƙashi take fara miƙa wuya ga ƙasar yashi ta kwarin Chadi. Shi ya sa in kana yin gabas da arewa za ka ga jigawa tana ƙaruwa. Damana takan sauka sosai daga watan Yuni zuwa Satumba, sauran watannin kuma kaka ce da hunturu da bazara. Gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi su ne amfanin tudu. A fadama kuma ana yin shinkafa da rake da kayan lambu. Itatuwan da suka raine mu su ne kuka da ɗorawa da tsamiya da kanya da aduwa da gawo, wanda yake zubar da ganyensa da damana ya bar shuka ta sha rana, ya kuma tsiro da shi da rani ya ba dabbobi inuwa da abinci.

Babban ruwan wannan yanki shi ne kogin da muke kira na Wudil. Kogin Kano da na Challawa ne suka haɗu suka haife shi, ya bi ta Wudil ya nufi arewa maso gabas ta gefen ƙasar Ajingi zuwa Ringim da Haɗeja. Can gaba ya haɗu da kogin Jama'are, su zama Komadugu Yobe, su nufi tafkin Chadi. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, halin kogin ya sake. Ruwa yakan gudana har da rani, wanda ya taimaki masu lambu, amma kuma ran da madatsun suka cika suka tumbatsa, mutanen bakin kogi ne suke kwana a tsaye. Da yawanmu ba za mu manta da ambaliyar 2001 ba, wadda ta ci gidaje da gonaki daga Wudil har Ringim. Ina tuna abokan karatunmu da suka dawo makaranta a wannan shekara ba ko kwano ɗaya na garin kwaki a akwatinsu, domin rumbunan gidajensu sun bi ruwa.

Maƙera da Asalin Kano

Labarin da kowa ya sani shi ne, wani maƙeri mai suna Kano ya taso daga Gaya yana neman tama, watau dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe, har ya iso gindin dutsen Dala, ya same ta a wadace, ya zauna. Daga sunansa aka sami sunan garin, zuriyarsa kuma su ne ake kira Abagayawa. Turawan mulkin mallaka sun tarar da wannan labari a bakin mutane suka rubuta shi, daga nan ya shiga littattafan makaranta.

Akwai labari na biyu da ya ƙara ɗaure sunan Gaya da ƙira. A tarihin Bayajida an ce da ya baro Barno ya bar matarsa a Garun Gabas ta ƙasar Haɗeja, sai ya biyo ta Gaya, maƙeran garin suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da ita a Daura. Ke nan labarin kafuwar Kano da na kafuwar Hausa Bakwai duka sun ratsa ta maƙerar Gaya.

To, mene ne matsayin waɗannan labarai? A nan ya kamata mu yi wa kanmu adalci. Labaran baka ne, ba su zo da shekara ba, kuma shi kansa tsohon littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, H. R. Palmer ya fassara shi da Turanci a 1908, da Barbushe da Tsumburbura ya fara, sa'an nan ya shiga sarautar Bagauda wadda aka ƙiyasta ta soma a 999. Amma kuma ƙasa ta ba da tata shaida. Masu tonon kayan tarihi sun sami burbushin murhun narkar da tama a gindin Dala, awon kimiyya ya nuna aikin ya kai ƙarni na 7, watau fiye da shekara 300 kafin Bagauda. Wannan bai tabbatar da sunan mutum ko garin da ya fito ba, amma ya tabbatar da ƙashin bayan labarin: ƙarfe ne ya fara tara mutane a Dala.

In muka duba da idon basira za mu ga dalilin da ya sa mutanen da suka tuna da maƙeri a matsayin mai kafa gari. In babu maƙeri babu fartanya da garma, babu gatarin saran daji, babu mashi da kibiya. Wanda ya mallaki ƙarfe shi ya mallaki abinci da tsaro. Kuma narkar da tama tana cin gawayi mai yawa, musamman na ƙirya, saboda haka duk inda tama ko itace ya ƙare, dole maƙeri ya naɗe zugazuginsa ya yi gaba. Tafiyar maƙeri daga Gaya zuwa Dala ba abin mamaki ba ce, haka sana'ar ta gada.

Ƙofar Gabas

Inda sunan Gaya ya fito sarai a rubuce shi ne zamanin Sarkin Kano Yakubu ɗan Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1452 zuwa 1463, shi ne kuma mahaifin Muhammadu Rumfa. Littafin ya ce a zamaninsa ne wani mai suna Agalfati, ɗan Sarkin Machina, ya zo tare da 'yan'uwansa uku. Shi ya zama Sarkin Gaya, ɗaya daga cikin 'yan'uwan kuma ya sami Haɗeja. Wannan ita ce amsar tambaya ta biyu da na kasa bayarwa. Machina a yau tana cikin Jihar Yobe.

Abin lura a nan shi ne zamanin da abin ya faru. Ƙarni na 15 shi ne lokacin da hulɗa ta yi ƙarfi tsakanin Kano da Barno. A zamanin Sarki Dauda wani ɗan sarautar Barno da ake kira Dagaci ya zo Kano da jama'a mai yawa, a zamanin Abdullahi Burja kuma aka buɗe hanyar fatauci daga Barno zuwa Gwanja. Ayarin da ya taso daga gabas da kanwa da gishiri da dawaki, sai ya ratsa ƙasashen Haɗeja da Gaya kafin ya ga ganuwar Kano. Saboda haka wanda yake riƙe da Gaya yana riƙe da ƙofar gabas, ta ciniki da ta yaƙi.

Wannan ne kuma ya amsa tambaya ta uku. Kano ta fi Gaya girma ne saboda hanyoyin fatauci na hamada da na Barno da na Gwanja duka a can suka haɗu, sa'an nan Rumfa ya kafa kasuwar Kurmi ya faɗaɗa birni. Gaya ta zauna a kan hanya guda, Kano ta zauna a mararraba. Duk da haka Gaya ba ta zama ƙauye ba. Ta ci gaba da zama gari mai ganuwa, mai sarkinsa na gado, cikin sahun Rano da Dutse da Ƙaraye, waɗanda fadar Kano take lallaɓa su kamar ƙwai.

Tawayen Farin Dutse

Akwai wani labari a cikin Tarihin Kano wanda na yi mamakin yadda muka gama makaranta ba mu ji shi ba. A zamanin Sarkin Kano Dadi, daga 1670 zuwa 1703, Sarkin Gaya mai suna Farin Dutse ya yi tawaye, ya shekara uku bai kai gaisuwar da aka saba kai wa Kano ba. Sarki Dadi bai ci shi da yaƙi ba, dabara ya yi masa, ya yaudare shi ya zo ganawa, aka kashe shi. Lokacin kuwa Kano tana fama da hare-haren Kwararrafa, ƙarfinta ya ragu, wanda wataƙila shi ya ba Farin Dutse ƙwarin gwiwa.

Amma ga inda abin yake da daɗi. Littafin ya ce Farin Dutse shi ne mahaifin Mariyama. Da ya zo kan sarkin da ya gaji Dadi, watau ɗansa Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, sai ya ce sunan mahaifiyarsa Mariyama, mutuniyar Gaya, kuma a zamaninsa mutanen Gaya suka sami faɗa a ji ƙwarai a Kano. Ga dukkan alamu ita ce wannan Mariyama ɗin. In haka ne, Dadi surukinsa ya kashe, kuma jikan wanda aka kashe shi ya hau gadon. Abin da Farin Dutse ya nema da takobi bai samu ba, 'yarsa ta samo shi ta hanyar aure da haihuwa. Wannan ya nuna mana cewa tsakanin Gaya da Kano dangantakar harshe da haƙori ce, ana saɓawa ana kuma zaune tare.

Jihadi da Basasa

Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soma a 1804, zuwa 1807 mulkin Haɓe ya faɗi a Kano, aka kashe Sarki Alwali a Burumburum, Malam Sulaimanu ya zama sarki, bayansa Ibrahim Dabo daga 1819. Gaya ta ci gaba da riƙe sunan sarautarta a ƙarƙashin sabon tsari. Amma ƙarni na 19 bai yi wa mutanen gabashin Kano sauƙi ba. Sarkin Haɗeja Buhari, wanda ya bijire wa Sakkwato a tsakiyar ƙarnin, ya yi ta kai hari ƙasashen maƙwabta. Ningawa kuma suna fitowa daga duwatsunsu su kama mutane. Wannan ne ya sa a da ba a zaman karkara warwatse kamar yanzu. Kowa yana neman inuwar ganuwa ko kafi, manomi ya tafi gona da kwari da baka a rataye.

Da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur. 'Ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi ba su yarda ba, suka fice daga birni ƙarƙashin Yusufu suka kafa sansani a Takai. Yusufu ya rasu a Garko, ƙanensa Aliyu Babba ya karɓi jagoranci har ya shiga Kano a 1894. Duk wanda ya san taswira ya san Takai da Garko maƙwabtanmu ne, watau a tsakar gidanmu aka yi wannan rigima ta 'yan'uwa. Ina yaro na ji wata kakarmu in ta ga yara suna faɗa a kan abinci takan ce kada mu tayar mata da Basasa. Ba ta san shekarar da aka yi ba, amma ta gaji tsoron daga iyayenta.

Zuwan Turawa da Zamanin Gyaɗa

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Cikin 'yan shekaru suka sake tsarin mulkin karkara, suka yanka ƙasar Kano gunduma-gunduma, suka umarci hakimai su bar birni su koma su zauna cikin talakawansu. Gaya ta zama gunduma, ga hakimi, ga dagatai, ga masu unguwa, ga alƙali da malaman haraji. Haraji kuma ya koma na kuɗin Bature, jangali yana kan Fulani.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya aka ja layin Nguru wanda ya bi ta Ringim aka gama shi a 1930. Turawa auduga suka so a noma, manomi ya duba ya ga gyaɗa ta fi masa, domin tana son jigawa, in kasuwa ta faɗi a ci, harawarta kuma dabbobi su ci. Ta haka gyaɗar ƙauyukanmu ta shiga cikin dalar gyaɗar da ake alfahari da ita a Kano. Jakuna da raƙuma, daga baya motoci, suna kwasa zuwa wurin awo, 'yan baranda suna cin nasu rabo a tsakani. Amma mu tuna, shekara uku kacal bayan isowar jirgi aka yi yunwar 1914, wadda ta hallaka dubban mutane a ƙasar Kano, aka kuma sake wata a 1927. Kuɗin gyaɗa bai hana rumbu zama fanko ba.

Zamanin gyaɗa ya zo ƙarshe a idon iyayenmu. Farin 1972 zuwa 1974 ya raunana ta, cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa ta, kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin hukuma daga noma. Samari suka ƙara yawan tafiya cin rani, jirgin ƙasa ya ci gaba da kawo ƙarfen waje, narkar da tama ta mutu tun tuni, maƙeri ya koma sayen ɓaraguzan mota yana ƙera garma da su.

Ƙaramar Hukuma da Masarauta

An kafa Jihar Kano a 1967, Audu Baƙo ya zama gwamnanta na farko. A gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976, Gaya tana cikin 20 da aka fara da su a jihar. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Da aka cire Jigawa a 1991, sai ƙasarmu, wadda take tsakiyar tsohuwar jiha, ta wayi gari a bakin iyaka, Dutse da Ringim suka zama wata jiha. A 1996 aka yanki Ajingi daga Gaya ta zama ƙaramar hukuma mai zaman kanta, shekarar da adadin ƙananan hukumomin Kano ya kai 44. A majalisar wakilai ta tarayya kuwa Gaya da Ajingi da Albasu kujera ɗaya suke da ita. Yankin ya ba da mutane a siyasa: Alhaji Sule Gaya ya yi minista a gwamnatin Sardauna, Kabiru Ibrahim Gaya ya yi gwamnan Kano daga 1992 zuwa 1993, ya kuma wakilci Kano ta Kudu a majalisar dattawa daga 2007 zuwa 2023.

Sarauta kuwa ta sha hawa da sauka. A 1981 Rimi ya ɗaga darajar sarakuna irin su na Gaya da Rano da Dutse. A 1983 Sabo Bakin Zuwo ya soke. A 2019 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya kafa masarautun Gaya da Rano da Ƙaraye da Bichi masu daraja ta ɗaya, Alhaji Ibrahim Abdulƙadir ya karɓi sanda a Gaya. Ya rasu a 2021, ɗansa Alhaji Aliyu Ibrahim ya gaje shi. A watan Mayu na 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke wannan doka, a watan Yuli kuma ta dawo da masarautar Gaya a daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta.

Ba nufina in shiga siyasa ba, na san a cikinmu akwai masu ra'ayi daban-daban. Abin da nake so mu lura da shi kawai shi ne, cikin shekara 43 alƙalamin gwamna ya taɓa wannan sarauta sau biyar. Kowane lokaci ɓangarori biyu sukan kafa hujja da tarihi, mu kuma 'yan ƙasar muna tafi ko muna fushi, alhali kaɗan ne cikinmu za su iya jero sunayen sarakunan Gaya biyar.

Rayuwa da Al'adu

Jama'ar yankin Hausawa ne da Fulani, Musulmi, auratayya ta riga ta cakuɗa su. Shekarar manomi ita ce kalandar kowa: sharar gona da kai taki da bazara, shuka da ruwan farko, noman firi da maimai, girbi da kaka. Gayya ita ce bankin talaka a da, yau a gonarka gobe a tawa, lada kuwa fura da tuwo. Bayan girbi sai kalankuwa da dambe da kokawa a dandali, da azumi yara su yi tashe, da salla a yi hawa. Bafillatani ya sauka a gonar da aka girbe, shanunsa su ci kara su bar taki, matarsa ta kawo nono a musanya da hatsi. Rigimar da muke gani yanzu ta ƙaru ne tun da jama'a suka yi yawa aka nome burtali da makiyaya.

Mata su ne masu matsar man gyaɗa da ƙuliƙuli da daddawa da saƙar faifai, da kuɗin nan ake yi wa 'ya'ya kayan ɗaki. Mutanen bakin kogi suna su, masu dabbobi suna kai su kasuwar Wudil ran Juma'a. Kafin boko ta yaɗu da shirin ilmin firamare kyauta na 1976, makarantar allo ita ce makarantar kowa, har yau kuma hasken wutarta bai mutu ba.

Maƙera suna nan, amma sun ragu. Kwanan baya na je wurin wani tsohon maƙeri da muke tsayawa kallonsa in mun taso daga firamare. Uwar maƙera tana nan, masaba da awartaki suna nan, amma babu yaro a bakin zugazugi. Ya ce mini 'ya'yansa biyu suna sana'ar babur a birni. Na tambaye shi yadda ake gane tama, ya ce shi ma a bakin kakansa ya ji, bai taɓa gani an narka ba. Ya ƙara da cewa rabonsa da jin kiɗan dundufa a bikin maƙera har ya manta. Na fito daga rumfar nan jikina a sanyaye.

Abin da Ya Rage Gare Mu

'Yan'uwa, darajar sarauta tana hannun hukuma, ta bayar ta karɓe. Amma sanin tarihinmu yana hannunmu, kuma shi ne yake salwanta ba tare da wata doka ta soke shi ba. Saboda haka ina ba wannan ƙungiya shawara huɗu.

Ta farko, kowannenmu yana da waya mai ɗaukar murya. In mun je gida hutun salla, kowa ya zauna da dattijo ɗaya ko tsohuwa ɗaya, ya tambayi asalin garinsu, da sunayen dagatansu, da inda tsohuwar kasuwa da burtali suke, ya rubuta sunan mai bayanin da ranar da aka yi. Musamman 'yan'uwanmu na Ajingi, domin littattafai sun fi ambaton Gaya, labarin Toranke da Balare da Gafasa yana cikin kawunan tsofaffi ne.

Ta biyu, mu wakilta mutum biyu ko uku su je Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, su nemo rahotannin da jami'an mulkin mallaka suka rubuta a kan gundumar Gaya, a kwafo a ajiye a ɗakin karatun makarantarmu.

Ta uku, mu roƙi masarauta da ƙananan hukumomin biyu a shata abin da ya rage na ganuwa da kufai a garuruwanmu, a hana ɗibar ƙasarsu don gini.

Ta huɗu, mu sa 'yar kyauta duk shekara ga ɗalibin da ya fi rubuta tarihin ƙauyensu da Hausa, malamanmu na tarihi su zama alƙalai, a buga wanda ya yi nasara a wannan mujalla.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfin aljihunmu. Ni na fara da tsohon maƙerin nan, na yi alkawarin komawa wurinsa bayan girbi, kuma duk abin da na samo zan kawo wa editan wannan mujalla. Inda na yi kuskure a wannan rubutu, ina roƙon malamanmu su ɗauki jan biro kamar yadda suka saba. Allah Ya ba mu damana mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu.